Ƙarfe Goma Daidai a Shagon Baba Mai Hoto

Ranar Talata da hantsi hotunan shekara talatin da huɗu suka ɓace daga shagon Baba Mai Hoto, kuma kafin azahar unguwa ta gama yanke hukunci.

Ba a fasa ƙofa ba. Kwamfuta na kan teburinta, kyamarori na rataye a ƙusoshinsu. Abin da ya tafi ba a buhu ake ɗaukarsa ba: hotunan aure, na jarirai, na kammala makaranta, na iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Shekara uku da suka wuce rufin shagon ya yi yoyo, tsofaffin fim na hotunan suka yi funfuna, sai Auta, ƙaramin ɗan Baba, ya zauna wata bakwai yana kwafe su ɗaya bayan ɗaya zuwa ma'ajiyar intanet da ake kira gajimare. Da ya gama aka zubar da ruɓaɓɓun. Wata guda ke nan da Auta ya rasu a haɗarin mota, kuma tun ranar shagon ke rufe.

Matar Auta ce ta fara buɗe shi, ta ƙofar cikin gida, don wata maƙwabciya ta matsa tana son hoton mijinta. Ta zauna gaban kwamfuta goma saura minti takwas. Da goma ta cika allon ya rubuta cewa an goge ma'ajiyar gaba ɗaya. Maƙwabciyar ta gani da idonta, bakinta kuwa bai taɓa riƙe ruwa ba. Kafin la'asar Babban Yaya, wan marigayi, ya kira 'yan sanda, aka tafi da matar Auta da kayan makokinta a jiki.

Washegari kamfanin ajiyar ya turo Mai Sawu.

A wurin aiki aka laƙaba mata sunan, don aikinta ke nan: bin sawun abin da aka yi wa bayanai. Mutane na jin gajimare sai su ɗaga kai sama. Ita ta san ba komai ba ne illa dogon ɗaki mai sanyin tsiya, cike da injunan ajiya jere cikin akwatunan ƙarfe, suna gurnani dare da rana. Mutum ya kama hayar gurbi a ciki, kamfani ya yi kwafin kayansa uku a garuruwa uku. Kuma duk wanda ya buɗe, ya ƙara ko ya goge, injin na rubutawa a wani kundi: wane ne, daga wace na'ura, da ƙarfe nawa. Wannan kundin shi ne ƙasar da take bin sawu a kai.

Wannan aikin dai ba ta so shi ba. Ita ce ta buɗe musu ma'ajiyar da hannunta shekara uku baya, kuma ta san Auta, mai dariyar da ke cika shago.

*

Ta fara da gidansu, wato kamfanin, don mai bin sawu da bai duba takalminsa ba ɓata wa kansa lokaci yake. Ta sami abin da ya sa gabanta ya faɗi: faifai ɗaya ya mutu a ɗakin ajiya na biyu ranar Litinin. Ta shafe safiya tana tonawa, rigar sanyi a jikinta, tana addu'ar laifin ya zama nasu. Da nasu ne, da an ba da haƙuri an saki matar mutane. Amma faifan an sauya shi cikin awa ɗaya, kuma ko hoto ɗaya bai yi ƙwarzane ba. Umarni aka bayar, injunan uku suka bi.

Sai ta nufi ofishin 'yan sanda. Sufeto, mutum mai tumbi da haƙuri kaɗan, ya tura mata takarda.

"Ai an gama, malama. Ita ta shiga, ita ke zaune, a gabanta aka goge. Litinin kotu."

"Yallaɓai, a ba ni minti goma da ita."

"Biyar."

Matar Auta na zaune kan benci, hannuwanta a cinya. Ba ta kuka. Ta wuce nan.

"Sannu, ƙanwata. Allah ya jiƙansa. Faɗa min abin da kika yi tun daga shigarki."

"Na kunna, Anti. Na nemi babbar jakar hotunan, wadda baban yarinya ya sa hotonsa a kai. Ban gan ta ba."

"Kafin goma?"

"Tun da na zauna babu ita. Na duba nan, na duba can, na ce ko idona ne. Sai rubutun ya fito." Ta ɗago kai. "Na faɗa musu sau nawa. Sun ce ƙarya nake."

"An ce kun yi cacar baki da Yaya kan shagon."

"Mun yi. Yana so a mayar da shi wurin sayar da waya, na ce a bari ko shekara ta zagayo. To in na tsani Yaya sai in goge mijina? Yarinyata wata tara gare ta. Me zan nuna mata in ta girma ta ce yaya babana yake yana yaro?"

Mai Sawu ta ɗauko biro. Ta rubuta abu ɗaya kawai a littafinta: tun kafin goma babu.

*

Babban Yaya ya karɓe ta a tsaye a ƙofar gida, alamar kada zancen ya yi tsawo.

"Ni ban san kan kwamfuta ba, ban san gindinta ba," in ji shi. "Amma ina da ido. Ranar Litinin a kai ta kotu, daga can ta wuce gidan ubanta."

"Ranar Talata da goma kana ina, Yaya?"

"Au, ni ma ɓarawo ne yanzu? Ina layin banki, mutum ɗari sun gan ni. In ɓarawo kike nema, ga Dogo can tsallaken titi. Shekara goma yana jiran ya ga bayanmu."

Dogo mai ɗaukar hoto ne shi ma, kuma gajere ne kamar turmi, abin da ya sa sunan ya bi shi. Da ta ambaci zargin sai ya ajiye shayinsa.

"Ni? Hajiya, hoton mahaifiyata guda ɗaya tak da ya rage a duniya yana cikin wannan ma'ajiyar. Baba ne ya ɗauke ta, lokacin ina goye a bayanta. Kishin sana'a daban, hauka daban." Ya share ido da bayan hannu. "Ki samo min shi, zan ɗauki hoton jikokinki kyauta har in mutu."

Kundin ma ya wanke shi. Babu wata baƙuwar na'ura da ta taɓa shiga ma'ajiyar, ko daga tsallaken titi ko daga tsallaken teku. Kwamfutar shagon ce kaɗai, da mabuɗin Auta da ya bari a buɗe a kanta.

*

Baba Mai Hoto ta bari na ƙarshe, don shi ne wanda ba ta son gani. Ta same shi a ɗakinsa kan tabarma. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

"'Yata, kin zo. Ke ce kika ce min kwafi uku a gari uku, ko gobara ko ambaliya."

"Ni ce, Baba."

"To ki ɗauko min daga gari na biyu mana."

Ta sunkuyar da kai. "Babu a can ma, Baba."

A gefen matashinsa akwai waya mai tsagaggen gilashi, a jone da caji. Ya ga idonta ya sauka a kai.

"Tasa ce. Aka kawo min daga asibiti. Ban san lambar buɗewa ba, ba na ma so in sani. Ina dai sa mata caji." Ya shafa ta da yatsa. "Kullum da goma na safe sai ta yi ƙara sau ɗaya. Kullum. In ce a raina, wani ne can da bai ji labari ba yake nemansa. Sai in ji kamar bai gama tafiya ba. Ki yi min dariya in kin so."

"Ba abin dariya ba ne, Baba."

"Yau ba ta yi ba. Na jira har azahar. Shi ma mai neman ya gaji."

Mai Sawu ta ji wani sanyi ya ratsa ta, irin na ɗakin injuna. Ta yi masa sallama da muryar da ba tata ba.

*

A mota ta buɗe kundin a kan cinyarta, ta koma layin Talata. Ta karanta shi fiye da sau ashirin tun safe, amma lokacin bai tsaya mata a ido ba sai yanzu: ƙarfe goma, babu minti, babu daƙiƙa. Hannun ɗan Adam ba ya faɗawa daidai haka. Mutum zai goge abu da goma da minti uku da 'yan daƙiƙu, don ya tsaya tari ko ya nemi tabarau. Injin da aka ɗaura wa agogo ne kaɗai ke cika alkawari haka.

Kowa, har ita, ya tsaya yana tambayar wa ke shago ranar Talata. Ga shi kuwa ƙa'idar kamfaninsu ce, ta san ta kamar sunanta: abin da aka goge ba ya tafiya nan take. Yana zama a kwandon jira kwana talatin, ana aika gargaɗi kullum da goma zuwa wayar mai ma'ajiya, ko zai canza ra'ayi. Ranar ta talatin injin ya share. Ba ranar Talata aka ba da umarnin ba, ranar aka cika shi.

Ta ja kundin baya kwana talatin. Lahadi, ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na yamma, daga kwamfutar shago. Washegarin binne Auta.

Sawun a fili yake, kuma bai yi kama da na mai mugunta ba. An kunna kwamfuta. An buɗe hoto ɗaya, na wani yaro ɗan shekara biyar riƙe da kyamarar da ta fi kansa girma, aka bar shi a buɗe minti arba'in. An rufe. Sai aka yi ta lalube, a danna nan a koma, a danna can a koma, irin na wanda bai saba ba. Daga ƙarshe aka goge babbar jakar, aka kashe kwamfutar daga soket, ba ta hanyar da ake kashe ta ba. Auta ya sha yi mata ƙorafin mutum ɗaya da ke kashe kwamfuta haka, yana dariya.

Ta kifa kai a sitiyari ta yi kuka, na tsohon da na kanta. Ta tuna ranar da ta zauna a shagon tana buga ƙirji da kwafi uku. Ta ce musu gobara, ta ce ambaliya, ta ce ɓarawo. Ba ta ce kwafin nan uku madubin juna ba ne, abin da ka goge da hannunka a ɗaya ya gogu a duka. Da ta tambayi lambar da za a riƙa aika gargaɗi, Auta ya ba da tasa, ita kuma ba ta nemi ta biyu ba. Wa ke tsammanin ɗan shekara talatin zai riga mai saba'in?

Tana iya rubuta cewa kuskuren na'ura ne. Ta yi tunanin hakan har na tsawon wani lokaci. Amma kundin ba ya karɓar ƙarya, Sufeto kuma ba zai saki mace a kan zancen da babu hujja ba. Ko dai tsoho ya ji abin da zai ƙarasa karya shi, ko matar ɗansa ta tsaya gaban alƙali ranar Litinin.

*

Ranar Alhamis da safe ta roƙi Sufeto ya zo da matar Auta shagon. Babban Yaya ya zo, Dogo ya tsallako, maƙwabciyar ta zo ba tare da an gayyace ta ba. Aka kawo wa Baba kujera. Mai Sawu ta roƙe shi ya fito da wayar.

"Ranar Lahadi, washegarin rasuwa, da la'asar," ta ce, "kowa yana ina?"

"Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida," in ji Babban Yaya. "Ni ban motsa ba."

"Ita fa?"

Maƙwabciyar ce ta amsa, da ɗan jinkiri. "Tana ɗaki, ta suma sau biyu. Ni na riƙe ta har magariba."

"To ba ita ba ce. Ranar aka goge hotunan, ba Talata ba." Ta yi musu bayanin kwandon jira da kwana talatin a taƙaice, sannan ta miƙa wa matar Auta wayar. "Ƙanwata, kin san lambar?"

Ta sani. Ranar haihuwar 'yarsu ce. Wayar ta buɗe, ga saƙonni jere, duka daga wuri ɗaya, duka da ƙarfe goma. Sufeto ya karɓa ya karanta da ƙarfi, don aikinsa ne.

"Za a goge ma'ajiyarka nan da kwana ashirin da tara. In ba ka so, danna nan." Ya ja ƙasa. "Ashirin da takwas. Ashirin da bakwai." Muryarsa ta fara raguwa. "Saura kwana ɗaya. Danna nan." Ya ajiye wayar a hankali kan tebur.

Mai Sawu ba ta kalli Baba ba. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta kira sunansa ba sai in dole.

Bai bari ta kai ga dole ba.

"Ni ne," ya ce.

"Baba, ka yi shiru, ba ka da lafiya," in ji Babban Yaya.

"Kai ka yi shiru. Ni ne." Yana kallon kwamfutar yake magana. "Mutane sun yi min yawa a waje, na shigo nan in huta. Na kunna ta, sai ga fuskarsa a kan jakar, yana min dariya. Na ce ba zan iya shigowa kullum in tarar da wannan ba. Na ce bari in kawar da ita daga nan kawai, daga idona, ai akwai a gari uku. In zuciyata ta yi ƙarfi sai in ce a dawo min da ita. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata."

Ya juyo ga Mai Sawu. "Da na ji an ce Talata, sai na ce to ba nawa ba ne, nawa ya daɗe. Zuciyata ta ɗan taɓa ni, na danne ta. 'Yata, wannan ƙarar da nake ji kullum..."

"Ita ce, Baba."

"Ba wani ke nemansa ba."

"A'a, Baba."

"Kwana talatin tana kirana a gefen kunnena. Da na miƙa wa yarinyar nan sau ɗaya ta buɗe..."

"Da dannawa ɗaya ta isa," in ji Mai Sawu, don ya tambaya, kuma ya cancanci gaskiya. "Amma rabin laifin nawa ne. Ni na ce maka kwafi uku, ban ce maka gogewa ɗaya na cinye su duka ba. Zan rubuta haka a rahotona, da sunana."

Bai ji ta ba, ko ya ji bai dame shi ba. Ya dafa kujera ya miƙe, ya taka zuwa gaban matar ɗansa, ya fara durƙusawa. Ta riga shi kaiwa ƙasa, ta riƙe gwiwoyinsa.

"Baba, don Allah kada ka yi min haka."

"Kwana biyu kika yi a hannun hukuma ina kwance a ɗaki. Na goge miki miji, na bari aka ce ke ce."

"Ni ma ban iya kallon jakar ba, Baba. Wata guda ina zagaye ƙofar nan." A nan ne kukan da ta riƙe tun Talata ya ƙwace mata.

Sufeto ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya ce shi bai ga abin kai wa kotu ba. Babban Yaya ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, maganar ta maƙale, ya tsaya yana murza makullin mota. Maƙwabciyar ta zame ta fita, karo na farko a rayuwarta da labari a baki ba ta san wa za ta kai wa ba. Dogo ya je bakin ƙofa ya juya baya. Mahaifiyarsa ta tafi karo na biyu, kuma babu wanda zai riƙe da laifi.

Mai Sawu na haɗa jakarta Baba ya kira ta.

"'Yata. Akwai wani, yana ɗan shekara biyar, ya ɗauki kyamarata. Shi kaɗai nake so. Ko shi ɗaya babu?"

Ta san hoton. Ta san minti arba'in da ya yi yana kallonsa. Sunan hoton na nan a kundi, da girmansa, da ranar da aka ajiye shi, da daƙiƙar da aka share shi. Kundin ya riƙe komai game da shi, ban da shi kansa.

"Babu, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki wayar daga tebur, ya duba cajinta kamar yadda ya saba, ya sa a aljihun gaba. Agogon bangon shagon ya buga goma. Duk suka tsaya, har Sufeto, ba wanda ya ce a tsaya. Wayar ba ta yi ƙara ba.